Abin da Ke Cikin Ɓawon Albasar Aliero

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Jega ta nufi Sakkwato a watan Maris ko Afrilu, hancinsa ne zai fara gaya masa ya iso Aliero. Lokacin ne ake cire albasar rani. Buhuna jibge a bakin titi, 'yan dako suna lodi, manyan motoci suna shirin kama hanyar kudu. A ƙarƙashin ƙafafunsu kuwa busasshen ɓawo ne ja ko'ina, iska tana kwasa tana watsawa, ba mai saye ba mai tambayar kuɗinsa. Garin ya kuma yi suna da wata sana'a ta biyu, wato ɗori. Daga nesa ake ɗauko mai karaya a kawo shi Aliero, har daga ƙasashen maƙwabta.

Sana'o'in nan biyu kamar ba abin da ya haɗa su, amma akwai. Mai ɗori kullum hannunsa yana kan kumburi, manomin albasa kuma kullum yana noma wani sinadari da masu bincike suka daɗe suna nazarin yadda yake sassauta kumburi. Sunan sinadarin kwasetin. Ina so in bi da mai karatu cikin ƙwayar halitta guda ɗaya mu ga abin da yake yi a can, domin maganar tana da gaskiya a cikinta, kuma gaskiyar tana da iyaka, 'yan tallan magani kuwa ba sa son a ambaci iyakar.

Abin da likita yake nufi da kumburi ya fi tashin fata faɗi. Wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa alamominsa huɗu tun ƙarni na farko na Miladiyya: wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura, ya riƙa ciwo. Daga baya aka ƙara ta biyar, wato gaɓar ta kasa aikinta. Mai ɗori bai karanta Celsus ba, amma tafin hannunsa ya san biyar ɗin nan sarai. Idan ƙashi ya karye, ƙananan jijiyoyin jini suna tsinkewa, jini ya taru ya daskare, ƙwayoyin halittar da suka mutu su zubar da abin da ke cikinsu. Wannan zubewar ita ce kururuwar neman agaji. Jijiyoyin da ke kewaye sai su buɗe, jini ya ƙaru, shi ne ja da zafin. Bangonsu ya saki ruwa ya tsiyayo cikin tsoka, shi ne kumburar. Ta wannan ƙofa fararen ƙwayoyin jini suke fitowa su nufi wurin.

A cikinsu akwai wadda labarinmu ya rataya a kanta, ana ce mata makrofaj, kalmar Girkanci mai nufin babban maci. Wani masani haifaffen daular Rasha, Élie Metchnikoff, shi ya fara fahimtar aikin irin waɗannan ƙwayoyi. A 1882, a garin Messina na Italiya, ya soka ƙaya a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda jikinta garau yake ana ganin ciki. Washegari ya tarar wasu ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan ya gane cewa jiki yana da dakarun da ke cinye baƙon abu, kuma wannan aiki ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1908. Duk wanda ƙaya ta taɓa karyewa a ƙafarsa a gona har wurin ya yi mugunya ya ga irin wannan yaƙi da idonsa, don akasarin mugunya gawarwakin fararen ƙwayoyin jini ne.

Saboda haka kumburi ba cuta ba ne a asalinsa. Ƙashin da ya karye ba ya haɗewa sai ya bi ta cikinsa. A kwanakin farko makrofaj tana share matattun ƙwayoyi tana kiran 'yan uwanta, sannan sai ta sauya hali, ta ajiye makami ta koma kiran magina, waɗanda za su shimfiɗa guringuntsi da sababbin jijiyoyi har ƙashi ya kama. Matsala tana zuwa ne idan dakarun suka ƙi komawa bariki. A amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke afka wa mai ita, da asma, da toshewar jijiyoyin zuciya, har da ciwon suga mai zuwa da ƙiba, akwai kumburin da ke ci a hankali shekara da shekaru kamar wutar ƙaiƙayi, sama toka ƙasa garwashi.

To, wa yake ba makrofaj umarnin yaƙi? A bayan fatarta akwai masu gadi, furotin ne da ke gane alamar maƙiyi. Ɗaya daga cikinsu, TLR4, yana gane wani sinadari da ke jikin bangon wasu bakteriya. Bruce Beutler na Amurka ne ya tabbatar da haka a 1998. Da mai gadi ya ji alamar, sai ya aika saƙo ciki. A cikin ƙwayar akwai wani manzo mai suna NF-kB, wanda Ranjan Sen da David Baltimore suka gano a 1986. A lokacin zaman lafiya manzon nan ɗaure yake kamar doki a turke, wani furotin mai suna IkB shi ne igiyar. Saƙon mai gadi yana tayar da wani enzayim, IKK, wanda aikinsa shi ne ya sa wa igiyar alamar yanka. Da an yanke ta, doki ya zabura ya shige fadar ƙwayar, inda aka ajiye kundin gado, ya sa a buɗe shafukan yaƙi. Cikin 'yan sa'o'i ƙwayar ta fara fitar da sinadaran gangami, irin su TNF da IL-6 da IL-1, masu kiran sauran dakaru da tayar da zazzaɓi. Ta kuma ƙera wasu enzayim biyu: COX-2, mai samar da sinadaran da ke sa jijiyar jin ciwo ta yi tsami, da iNOS, mai samar da wata iska mai guba ga ƙwayar cuta, wadda idan ta yi yawa take ƙona naman jiki ma.

Mu bar dokin nan a guje mu koma fadama.

Hausawa suna cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ruwa mai sanyi ta sha tun tana dashe, amma ta fito da yaji. Dalili shi ne shuka ba ta da ƙafar gudu. Abin da za ta kare kanta da shi daga rana da ƙwari da ruɓa, dole ta ƙera shi a jikinta. Yajin da ke sa hawaye daga sinadaran farar wuta yake, wannan daban. Kwasetin shi launinsa rawaya ne, kuma dangin wasu sinadarai ne da ake kira filabonoyid. An samo sunansa daga sunan Latin na wata bishiyar Turai da Amurka da ake rini da ɓawonta. Jan launin albasa ba shi ne kwasetin ba, wani ɗan uwansa ne mai suna antosayanin, irin wanda ke sa zoɓo ja. Sai dai su biyun suna yawan tafiya tare: jar albasa da mai ruwan ƙasa suna ɗauke da kwasetin mai yawa, fara kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai a cikinta. A cikin albasa guda ma ba a raba shi daidai ba. Ya fi taruwa a zoben waje, yana raguwa yayin da ake shiga tsakiya, busasshen ɓawon kuma ya fi kowane sashe.

Akwai wani tsohon bincike da nake jin manomin Aliero ko na Maiyama zai fi kowa jin daɗinsa. A 1929, a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, John Charles Walker da Karl Paul Link da abokin aikinsu sun nemi sanin dalilin da ya sa wata cutar fumfuna take cin farar albasa ta bar mai launi. Suka tarar busasshen ɓawon mai launi yana ɗauke da wani sinadari da ke narkewa cikin danshi ya hana irin fumfunar tsirowa. Shekaru da yawa bayan haka masu bincike a Japan suka nuna cewa sinadarin yana samuwa ne daga rugujewar kwasetin lokacin da ɓawo yake bushewa. Manomin da ke barin albasarsa ta sha iska wuyanta ya bushe kafin ya zuba ta a rudu, yana kuma kaffa-kaffa kada ɓawon ya sale, sulken da albasar ta saƙa wa kanta yake tsarewa.

Yanzu ga abin da ake yi a ɗakin bincike. Ana renon makrofaj, galibi na ɓera, a cikin ƙananan faranti masu ruwan abinci. A raba su kashi-kashi. Wani kashi a ɗiga masa sinadarin bangon bakteriyar nan shi kaɗai, wani kuma a fara sa masa kwasetin kafin a ɗiga. Bayan kamar kwana guda a auna ruwan. An maimaita irin wannan gwaji a ƙasashe da dama, kuma sakamakon yana yawan fuskantar alƙibla ɗaya: kashin da ya sami kwasetin yana fitar da TNF da IL-6 kaɗan, yana ƙera COX-2 da iNOS kaɗan, kuma gwargwadon yawan sinadarin gwargwadon raguwar. Da aka leƙa ciki, gwaje-gwaje da yawa sun tarar igiyar IkB ba ta yankewa da sauri kamar da, wato kwasetin ya riƙe hannun mai wuƙa, doki ya daɗe a turke. Wasu masu binciken sun ga tasirin ya fi ƙarfi a wasu hanyoyin isar da saƙo na daban. Wannan saɓani bai ba ni mamaki ba. Enzayim masu yawa da ke miƙa saƙo a cikin ƙwayar halitta suna da wani gurbi da makamashinsu ke zama a ciki, siffar kwasetin kuma ta dace da gurbin, don haka yakan tare da yawa daga cikinsu, kowanne kaɗan-kaɗan.

Yana kuma da hannu na biyu. Ƙwayar halitta tana da nata 'yan kwana-kwana, ƙarƙashin wani furotin mai suna Nrf2. Kwasetin yana tayar da shi, shi kuma ya sa a ƙera enzayim masu kashe tartsatsin da yaƙin ke haifarwa. Ga kuma wasu ƙwayoyin garkuwa da ke zaune a fata da hanci da huhu, cike da ƙunshin histamin, sinadarin da ke kawo ƙaiƙayi da atishawa da borin jini. Tun 1977 wasu masu bincike biyu a Landan, Fewtrell da Gomperts, suka nuna cewa kwasetin yana hana irin waɗannan ƙwayoyi na ɓera zazzage ƙunshinsu.

Idan aka kwatanta da magungunan kemis, bambancin a fili yake. John Vane ya nuna a 1971 cewa asfirin yana aiki ne ta hanyar toshe enzayim ɗin COX, kuma haka ibuprofen da diclofenac suke yi. Su suna zuwa ne bayan an ƙera makamin su danne shi da ƙarfi, shi ya sa ciwo ke lafawa cikin awa guda. Kwasetin a faranti yana rage yawan makamin da za a ƙera tun farko, a hankali, ta ƙofofi da dama.

A nan ne mai tallan magani yake tsayawa, ya ɗaga kwalba. Amma cikin mutum ba faranti ba ne.

A faranti ana zuba sinadarin tsantsa kai tsaye a kan ƙwayoyin, kuma yawan da ake zubawa sau da yawa ya ninka abin da ake samu a jinin wanda ya ci albasa sau goma ko fiye. A baki kuwa tafiyar tana da nisa. A nan albasa ta yi sa'a. Kwasetin ɗin da ke cikin namanta manne yake da sukarin gulukos, kuma wannan ya sa hanji ya fi karɓarsa. Peter Hollman da abokan aikinsa a Holan sun auna haka a 1995, a jikin mutum tara da aka cire wa babban hanji. Daga soyayyar albasa jiki ya tsotse kusan kashi 52 cikin 100, daga tsantsar sinadarin kashi 24, daga nau'in da ke cikin ganyen shayi kuma kashi 17. Albasar da ke cikin tukunya ta fi garin sinadarin shiga jiki.

Sai dai da ya shiga, bangon hanji da hanta suna ɗaukarsa a matsayin baƙo. Nan take suke liƙa masa wasu sinadarai da za su sa ya narke a ruwa a fitar da shi, kamar a sa wuƙa cikin kube. Abin da ke yawo a jini kusan duk mai kube ne, kuma kaifinsa bai kai na tsirara ba. Wannan ya sa masana da yawa suka yi shakkar ko sakamakon faranti yana da wata ma'ana ga mai rai. Amsa mafi daɗi da na sani ta fito ne daga Jami'ar Tokushima ta Japan. A 2008 Yoshichika Kawai da Junji Terao da abokan aikinsu suka duba jijiyoyin jinin mutane, suka tarar kwasetin mai kube ya taru a wuraren da jijiyar ta lalace, a cikin makrofaj ɗin da suka cika da kitse, ba a lafiyayyen bango ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa makrofaj ɗin da ta harzuƙa tana da enzayim mai zare kuben, kuma tsamin da ke wurin kumburi yana taimaka masa. Wato mai yiwuwa sinadarin yana yawo a rufe, sai ya iso inda wuta ke ci sannan a zare shi. Wannan hasashe ne mai hujja a bayansa, kuma har yanzu ana kan gwada shi.

Gwajin da aka yi a kan mutane ya zo da fuska biyu. A Iran an ba mata 50 masu amosanin gaɓɓai ko dai miligiram 500 na kwasetin kullum ko ƙwayar da ba komai a cikinta, tsawon mako takwas, a kan magungunansu na asibiti. Rahoton da ya fito a 2017 ya nuna waɗanda suka sha sinadarin sun sami sauƙin sanƙarewar gaɓɓai da safe da sauƙin ciwo, TNF ɗin jininsu ma ya ragu. A Jamus kuwa an ba mutum 70 masu ƙiba miligiram 162 kullum, wanda aka tatso daga ɓawon albasa, tsawon mako shida. A rahoton 2015, hawan jinin masu fama da shi ya sauka da kusan maki uku da rabi, amma alamomin kumburi a jini ba su motsa ba. Mutum hamsin ko saba'in ba su isa a gina hukunci a kansu ba, kuma mako takwas gajere ne ga cutar da ake rayuwa da ita. A ƙara da lissafi: giram 100 na albasa mai launi yana ɗauke da kamar miligiram 20 zuwa 40. Wanda yake son ya kai abin da matan Iran suka sha sai ya ci fiye da kilo guda kowace rana.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Albasa abinci ce mai amfani da ta cancanci wurinta a kowace tukunya, amma ba ta maye gurbin maganin asma ko na hawan jini ko na suga. Raina yana ɓaci idan na tuna yadda a lokacin korona aka yi ta yaɗa cewa yanka albasa a ajiye a ɗaki yana tsotse cutar. Ba ya tsotse komai. Haka kuma wanda yake shan maganin tsinka jini irin wafarin (wanda, abin sha'awa, daga ɗakin binciken Link ɗin nan na ɓawon albasa ya fito), ko mai ciwon ƙoda, ko mai juna biyu, kada ya sayi ƙwayar kwasetin ya kama sha ba tare da likita ya sani ba. Abin da ke cikin miya daban, abin da aka tattara aka dunƙule a ƙwaya daban.

A madafa kuwa gyaran ƙarami ne. Uwargida ta cire busasshen ɓawo kawai, ta bar zoben farko mai nama idan lafiyarsa ƙalau, don a nan arzikin ya fi yawa. Suya ba ta cika lalata sinadarin ba. Tafasawa tana fitar da wani kaso cikin ruwa, amma a miya ruwan ma shanye shi ake yi. Ɗanyar albasar da ake yankawa a kan tsire ko kwaɗon zogale tana zuwa da nata cikakke, ganyen zogalen ma yana da nasa kason.

Akwai abubuwa biyu da suka fi ɓawon albasa gaggawa a yankin nan, kuma duka sun shafi kumburi. Na farko, manomi ko ɗan dako da ya wuni yana aiki, da yamma ya biya kemis ya haɗiyi diclofenac ko ibuprofen a matsayin maganin gajiya, yau da gobe, sau da yawa da yunwa a cikinsa. Enzayim ɗin COX da waɗannan ƙwayoyi ke toshewa shi ne kuma yake kare bangon tumbi da kula da gudun jini a ƙoda, don haka ƙarshen wannan ɗabi'a gyambon ciki ne ko lalacewar ƙoda. Na biyu ya shafi ɗori. Gaɓar da ta karye takan ci gaba da kumbura a kwana biyu ko uku na farko. Idan ɗaurin ya matse, kumburin ba shi da wurin zuwa sai ya danne jijiyoyin jini. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, yatsun da suka yi sanyi ko suka mutu ko suka sauya launi, alamu ne na a sassauta ɗauri nan take a garzaya asibiti, domin tsokar da jini ya yanke mata tana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. Ba albasa ba, ba wani ganye ba, babu abin da ke sauke irin wannan kumburi.

A Aliero ɗin nan akwai jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin Jihar Kebbi ta kafa a 2006. Kayan da masu binciken Jamus suka tatsi sinadarinsu daga ciki, shi ne iska ke watsawa a ƙofar wannan jami'a kowane rani. Yawan kwasetin a albasa yana sauyawa da iri, da ƙasa, da hasken da ta sha, da yadda aka shanya ta bayan cira. Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibin sinadarai zai iya amsawa da albasar fadamun Jega da Maiyama da Aliero: wane iri ne ya fi, nawa ke saura bayan wata uku ko huɗu a rudu, nawa ke cikin lawashi da gabu, kuma ko irin da ya fi sinadarin shi ne ya fi jure ajiya. Tambayar ƙarshen nan ta fi shafar aljihun manomi kai tsaye, domin ruɓa a rudu ita ce ke cinye ribar wanda ya ƙi sayarwa da arha a lokacin cira ya jira farashin damina.